Ƙwan da Ya Nutse

Kaka ba ta taɓa koya wa kowa haɗin sabulunta ba. Ni ma ba koya min ta yi ba, tun ina firamare dai nake zama a bakin ƙofar kicin ina kallo, ba na magana. Shi ya sa take ce min Shiru.

Bara ruwan toka ya fallatso mata a hannu, ya bar tabo. Tun daga nan Mama ta sa ido. Wannan karon sai da suka kwana biyu suna ja.

"Inna, in ya lalace na ƙarshe ke nan," in ji Mama. "Idonki ba kamar da ba. Ga sabulu nan birjik a kanti."

"Na kanti? Wanda ko harararsa ka yi sai ya narke?"

Wata uku muka yi muna tara toka a buhu. Ranar aikin muka zuba ta a tsohon bokiti mai huji a gindi, da tsumma a shimfiɗe, muka kwara ruwa. Ya riƙa ɗiga a roba, ja-ja kamar shayi. Kitsen da mahauci ya ajiye mata tun jiya ta narkar ta tace.

Kafin a haɗa, kullum Kaka sai ta saka ɗanyen ƙwai a ruwan tokar. In ya taso kansa ya leƙo, ruwan ya yi ƙarfi. In ya nutse, da saura, sabulu ba zai kama ba.

Ta saki ƙwan da ludayi. Ina gani ya tafi ƙasa ya kwanta. Kaka ta sunkuya ta daɗe tana duba robar, tana ƙifta ido.

"Ya yi," ta ce. "Miƙo kitsen."

Mama na can wajen igiya tana shanya, amma kunnenta na wurinmu. In na ce ƙwan ya nutse, na tona cewa Kaka ba ta gani. In na yi shiru, kitse da tokar wata uku sun tashi a banza, kuma shi ke nan an hana ta. Na riƙe kwanon kitsen har yana ƙona min yatsu.

"Kaka," na ce, "in da a ce ƙwai ya nutse, me ake yi?"

Ta juyo ta dube ni. Ta sake duban robar. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Yau kurma ta yi magana. To tunda tambaya kike, bari in nuna miki. Ajiye kitsen nan. Sai a mayar da ruwan kan wuta ya ƙone ya ragu. Ba don bai yi ba, don ki koya."

Muka tafasa shi a tukunyar ƙarfe har ya koma rabi, ya huce. Ta miƙo min ludayi da ƙwan.

"Saka da kanki. Faɗa min abin da kika gani, in ji ko kina da ido."

"Ya taso. Kansa ya leƙo kamar faɗin kwabo."

"To, ashe ba a banza ake biya miki makaranta ba."

Muka zuba kitsen kaɗan-kaɗan. Ina juyawa da muciya, ita tana riƙe da wuyan hannuna, tana jin nauyin haɗin ta jikina. Da ya yi kauri ta ce a watsa gishiri tafi ɗaya, muka juye a akwatin katako.

Mama ta zo ta leƙa, ta dube ni, ta dubi Kaka, ta ɗauki kwandon wankinta ta wuce.

Bayan kwana uku ya daskare. Kaka ta yanka da zare. Ta saba dangwala babban yatsanta a kan kowane yanki, a san nata ne. Ta yi wa na farko, sai ta laluba ta kamo nawa yatsan ta danna kusa da nata.

"Danna sosai mana, ƙawata. Yatsa ma sai ya ji kunya?"

Da yamma na ga Mama ta kwashe tokar murhu. Maimakon ta kai bola, sai ta juye ta a buhun Kaka ta ɗaure bakinsa.