Dokar Turanci a Gidan Yaya

Ta ci jarrabawar. Gara in faɗi wannan tun da fari, don na san halin mutane, ina gama magana wani zai gyara zama ya ce, "To, amma dai ta ci?" Ta ci. Takardar tana nan cikin gilashi a falon Yaya, saman talabijin, duk wanda ya shigo sai an nuna masa. Ni dai ko ɓangaren bangon ba na kallo.

'Yar yayana ce. Aku muke ce mata, sunan da Innarmu ta laƙaba mata tun tana ƙarama saboda bakinta ba ya hutawa. A ɗakin Inna ta tashi, kuma da idon Inna ya mutu sai surutun nan ya zama abin arziki. Aku za ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba, ta faɗa kan gadon tsohuwa ta fara zuba: wane malami ne ya zo da takalmi wari da wari, me ya haɗa mai kanti da mai gyaran babur, wace maƙwabciya ce ta sake fentin ƙofa. Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ƙarya kike yi, ja'ira," sannan ta ce, "To sai aka yi yaya?" Duniyar Inna ke nan gaba ɗaya, kuma ta ishe ta.

Shekarar farko da ta zauna jarrabawar fita sakandare, Aku ta ci komai, Turanci ya kayar da ita. Da a wani gida ne sai a ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, a sake biya. Amma Yaya yana da tsohon miki. A siton wani kamfanin kayan gini yake aiki, kuma ya taɓa zama gaban manya neman ƙarin girma, suka jefo masa tambaya da Turanci, harshe ya sarƙe, aka ba da matsayin ga wani da shi ya koya wa aikin. Bai taɓa warkewa ba. Sai ga malamin lesin ɗin da ya ɗauko wa Aku ya ce masa, wai Turanci ba a littafi kaɗai ake koyonsa ba, sai kunne ya jiƙu da shi safe da yamma. Malam ya faɗi tasa ya hau babur ya tafi. Yaya kuwa ya kafa doka: daga ranar har a fito daga jarrabawa, ba Hausa a gidansa.

Ni tela ce, shagona yana can wani gefen gari, sai ƙarshen mako nake samun zuwa. Ranar da na fara tarar da abin, dariya na yi. An manna 'yan takardu a jikin komai, ƙofa da taga da firji da buta, kowanne da sunansa na Turanci, kamar kayan gwanjo. A bangon kicin an liƙa jerin kalmomi da kishiyoyinsu. Na yi sallama na ce, "Ina 'yan gidan?" Matar Yaya ta leƙo ta ɗaga min hannu kamar kurma. Baiwar Allah Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, don haka ta zaɓi shiru. Yaya da kansa ya fito yana min wani gwaranci, na ce, "Yaya, wannan Turancin naka ai shi zai ƙara kayar da yarinyar." Bai yi dariya ba.

Dariyar ta ƙare da na shiga ɗakin Inna. Katifar Aku ba ta nan. An mayar da ita ƙaramin ɗakin da ke kusa da falo, ita da ƙamus da littattafan tambayoyin baya. Rediyon Inna ma an ce ta rage masa murya, kada ya ɓata wa mai karatu kunne, ita kuwa da ba ta ji sosai sai ta kashe shi kawai.

Na fita na same shi a ƙofar gida, inda doka ta yarda ya yi magana kamar ɗan mutane.

"Yaya, Inna fa?"

"Me ya sami Inna? Ina shiga in gaishe ta kullum da safe. Ina rufe ƙofa mu gaisa."

"Gaisuwa ce hira? Ka bar yarinyar nan ta riƙa shiga wurinta ko bayan la'asar ne."

"Daga bayan la'asar sai a koma gidan jiya. Kin san bakin Aku. Wata nawa ne duka-duka? Inna ta yi haƙuri. Ke ba ki san abin da ake ji ba in ana maka dariya a ƙasan gemu."

Na ce masa garin gyaran gira zai rasa ido. Ya ce in na gama karin maganata in ja masa ƙofa.

Kada a ce ban yi ƙoƙarin ɗauke Inna ba. Na yi. Ɗaki ɗaya ne gare ni a saman shago, matakala ce mai tsayi, bayi a ƙasa. Inna ta ce ita ba inda za ta, a gidan nan hannunta ya san kowane bango, ta san inda za ta dafa ta kai bayi ba tare da ta kira kowa ba. Gaskiyarta ce, na bar ta.

Wani zuwa da na yi, ina yanke mata farce, muna jiyo Aku ta bango tana bita. Ta faɗi kalma, ta faɗi yadda take komawa in aikin ya wuce, ta faɗi wata, a jere kamar mai ƙirga buhuna. Inna ta karkata kai tana saurare.

"Muryarta ce wannan ko?"

"Ita ce, Inna. Karatu take yi."

Can ta kamo hannuna ta rage murya. "Don Allah ki tambayar min ita, me na yi mata? In wata magana na faɗa da ta ɓata mata rai, ta yafe min. Tsufa ne."

Na bayyana mata dokar, kamar yadda aka sha bayyana mata. Ta ce ta ji. Amma na ga ba ta yarda ba, don a hankalinta ba wata jarrabawa a duniya da za ta hana jika magana da kakarta. Gaba kawai ta sani mai yin haka.

Na tashi a fusace na faɗa ɗakin Aku. Tana zaune a ƙasa, ta rame, fensir a baki, tana cike gurabe a wani shafi.

"Tashi ki je ki yi wa kakarki magana."

Ta ɗago ta amsa min da Turanci. Wallahi saura kaɗan in kwaɗa mata mari.

"Ni za ki yi wa wannan? Ni da na yi miki wanka kina jaririya?"

Sai hawaye. Ta ci gaba da magana a hankali cikin yaren nan, ni kuma da ɗan abin da na tsinta a makaranta na haɗa na gane. Ubanta ya sa ta rantse. Ya ce in ta sake faɗuwa ba zai biya na uku ba, karatu ya ƙare. Ta ce tana shiga wurin Kaka kullum, tana kai mata ruwa, tana matsa mata ƙafa. Na ce da wane bakin? Ta sunkuyar da kai. Shiru take shiga, shiru take fita. Ga wanda ba ya gani, hannun da ba murya ai hannun kowa ne. Na rasa wanda zan ji wa haushi, na zauna na taya ta kukan.

Daga nan abin ya fara gangara. Tun kafin doka Inna tana ɗan mantuwa, irin ta tsufa, ta nemi carbi yana wuyanta. Amma hira tana riƙe da ita. Da hirar ta yanke sai ta sake. Ta wuni a ɗaki ba abin da ke shiga kunnenta sai muryoyin da ba ta fahimta, da kaset ɗin malamin lesin inda wani ƙato da wata mata ke tambayar juna hanyar tashar jirgi. Wata rana na shiga na tarar ta yafa mayafi tana zaune a bakin gado, ta haɗa ƙafa kamar baƙuwa.

"Yauwa, gara da kika zo," in ji ta. "Yaushe za a sallame mu?"

"Daga ina, Inna?"

"Nan ba asibiti ba ne? Na ji likitoci suna ta magana."

Na ce mata gidan ɗanta ne, na ɗora hannunta a kan bangon da ta sani. Ta shafa ta ce haka ne. Mako na zagayowa ta ce min an sayar da gidan, waɗansu baƙi ne suka saya, amma mutanen kirki ne, sun bar ta ta zauna, har abinci suke ba ta. Ta fara neman izini kafin ta shiga bayi. Ta daina kiran sunan kowa. Da safe in Yaya ya shiga gaishe ta, wani lokaci ta gane shi, wani lokaci ta yi masa godiya a kan ɗawainiya.

Na kai ta wurin likita da kaina. Ya duba, ya rubuta magani, ya ce babban maganin dai a riƙa yi mata hira, a riƙa tuna mata mutane da abubuwa, kada a bar ta ita kaɗai. Daga asibiti ban zarce ko'ina ba sai siton su Yaya. Na same shi tsakanin buhunan siminti, na faɗa masa a gaban leburorinsa, ban rage murya ba.

Ya ja ni gefe. Idonsa ya kaɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Saura ƙiris. Malaminta ya ce ta canja gaba ɗaya, insha'in da ta rubuta jiya ko gyara bai yi ba. In na sassauta yanzu, duk wahalar nan ta tashi a banza, har da ta Inna. Ana gamawa Aku za ta koma ɗakinta, su yi ta surutu har su gaji. Ni zan ƙara zama da ita kafin nan."

Ya ƙara ɗin, na kwana biyu. Amma Yaya bai iya hira ba, tun muna yara. Ya tambayi jiki, ya tambayi abinci, ya zauna yana kallon waya. Na rufe shago ranakun tsakiyar mako ina zuwa, har masu ɗinki suka fara kwashe kayansu. In na zauna da ita takan dawo, ta tambaye ni unguwa, ta yi min faɗan rashin cin abinci. Ba ni take jira ba, na sani. Tun tana tambayar Aku har ta daina.

Ranar jarrabawar Turanci na zo tun da hantsi. Matar Yaya tana ta safa da marwa tsakanin kicin da ƙofa. Yaya ya ɗauki hutu, ya kai yarinyar da kansa, ya tsaya a bakin makaranta cikin rana har aka tashi. Ni ina ɗakin Inna ina taje mata kai.

Wajen la'asar muka ji ƙarar ƙofa, sai gudu a tsakar gida. Aku ta banko labule, rigar makaranta duk gumi, ta zube a gaban gado ta rungume ƙafafun tsohuwa.

"Kaka! Kaka, na gama! Wayyo Kaka, bakina har ya yi tsami. Bari ki ji, mai tsaronmu wani dogo ne mai tsinin hanci, yana zama kujera ta karye da shi, wallahi ba ƙarya nake ba! Kuma kin san mai kanti ya yi sabon..."

Maganar tana fita tana tuntuɓe, tana dariya tana kuka. Uban yana tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, ya dube ni kamar mai cewa, kin gani ko?

Inna ta janye ƙafafunta a hankali. Ta laluba ta jawo mayafi ta rufe kan da ban gama tajewa ba, ta gyara zama.

"Sannu da zuwa, 'yar nan," ta ce. "Daga ina?"

"Kaka, ni ce. Aku ce."

"Allah sarki. Ina da jika mai wannan sunan, ta yi fushi ta tafi." Ta juyo wajena. "Ba ta ruwa mana, ta sha rana." Sannan ta sunkuyo kusa da yarinyar, ta yi ƙasa da murya don kada mai gida ya ji. "In wurin mutanen gidan kika zo, sai dai ki yi haƙuri. Ba sa jin Hausa."