Kyarkecin Babban Aji

A hannun rigar Lambert Huckle akwai ɓurɓushin burodin citta. Gervase Pardoe ya gani ne da safe suna fiƙe alƙaluma, bai kuma kawo komai a ransa ba. Sai da karatu ya yi nisa ya tuna cewa uwar Lambert ko zuma ba ta saye, kuma duk garin mace ɗaya ce ke barbaɗa wa burodinta wannan jan garin: matar Malam Thirkell.

Dokar makarantar kowa ya san ta. Daga ƙarfe shida na safe har a tashi, ɗan babban aji ba ya buɗe baki sai da Latin, ko a filin wasa ne. Malam yana da ɗan rahoto a cikin yaran, wanda ake kira kyarkeci, ba kuma wanda ya san ko wane ne. Shi ke rubuta sunan duk wanda ya yi Ingilishi. Ranar Juma'a a karanto sunaye, tsumagiya ta yi aikinta.

Sau uku aka karanto sunan Gervase a zangon nan. Na ukun ya fi ci masa rai. Ranar da ƙanwarsa Avis ta kwana da zazzaɓi, ya sunkuya ya ce wa Lambert, abokin bencinsa, da Ingilishi, "Ina tsoro kada Avis ta mutu." Mako biyu ya yi yana zargin yaran bencin baya, sai yau burodin nan ya nuna masa kyarkecin.

Bayan dukan, Malam ya ƙwace masa matsayin sarki a wasan kwaikwayon da za a yi gaban magajin gari kafin Kirsimeti, ya ba Lambert. A wannan wasan ne dattawan majalisa kan zaɓi yaro ɗaya su tura shi jami'a. Uban Gervase, majemi ne, ya dubi sawun tsumagiya a bayansa ya ce, "Shekara bakwai kana Latin, abin da ka samo ke nan? Bayan Kirsimeti ka zo ka kama kankarar fata." Abin da aka bar wa Gervase shi ne ya zauna bayan labule da littafi, ya riƙa tuna wa wanda ya manta.

Da aka tashi, ya tarar da Lambert a kan gada.

"Huckle, burodin ya yi daɗi?"

"Wane burodi kuma, ɗan majemi?" Lambert ya kaɗe hannun rigarsa da sauri. "Kai dai komai sai ka shinshina, ga ka da warin fata."

"Tambaya kawai na yi, ranka ya daɗe, sarki."

"Bar wasa, Pardoe. Jawabin nan na ƙarshe ya ƙi zama a kaina. Na haddace shi ya fi sau ɗari, da na miƙe tsaye sai ya gudu. Kai ne a bayan labule. Ka rufa mini asiri."

Gervase ya dube shi. Shekara bakwai yana raɗa wa yaron nan amsa, shi kuma yana maimaitawa kamar aku, sai daga baya ya tambayi ma'ana.

"Kwantar da hankalinka, abokina," in ji shi. "Duk abin da na raɗa maka, ka faɗa da ƙarfi, har na ƙarshen zaure ya ji."

Kwana tara Gervase ya yi yana sassaƙa baitoci. Yana taya ubansa juya fatu a rami, bakinsa na motsi yana ƙirga gaɓoɓi. Ya sauya kalma, ya mayar, ya sake sauyawa, har sai da suka hau awon wasan daidai, yadda kunne ba zai ji inda aka yi ɗinki ba. Bai taɓa yi wa Malam aiki mai kyau irin wannan ba.

Ranar wasa da la'asar zauren majalisa ya cika. Dattawa sun zauna a gaba cikin rigunansu masu gashi a wuya. Magajin gari ɗan kasuwar ulu ne, Latin ɗinsa bai wuce na addu'ar cin abinci ba, don haka in Malam ya gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa. Yaran makaranta suka jeru a jikin bango.

Lambert ya fito da kambin kwali da takobin katako. Ya yi ƙoƙari, har Gervase ya fara tsoron ba zai manta ba. Amma da aka zo jawabin ƙarshe, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, shiru. Gumi ya keto masa. Ya karkato kunne wajen labule.

Gervase ya ba shi baitin farko na gaskiya. Lambert ya cafke, muryarsa ta dawo. Sai Gervase ya rufe littafin, ya shiga raɗa masa nasa baitocin.

"Ku saurara, ya ku mutanena," Lambert ya faɗa da Latin, ƙirji a buɗe. "Ina zaune a tsakaninku, kunnena ba ya barci."

Malam Thirkell ya ɗago kai.

"Ni ke tara sunayenku, ni ke miƙa su ranar Juma'a. Na sayar da bayan abokina a kan burodin citta. Ni ne kyarkeci!"

Ya ɗaga takobin sama kamar yadda aka koya masa. A nan ma'anar ta iso shi. Gervase yana kallo ta ɓular labule, ya ga yadda hannun ya sauko a hankali, ya ga fuskar ta yi fari fat. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa.

Dattawa suka ɓarke da tafi.

"Kai, yaron nan akwai murya!" in ji magajin gari. "Malam, me ya ce a ƙarshen nan?"

Malam Thirkell ya ce, "Sarkin ne yake nadamar zunubansa, ranka ya daɗe."

"Madalla! Haka ake so."

Yaran jikin bango ba wanda ya tafa. Su talatin, kuma ba wanda tsumagiya ba ta taɓa ba. Can wani daga cikinsu ya yi kukan kyarkeci ƙasa-ƙasa, na kusa da shi ya amsa. Malam bai juya ya tsawata ba. Idonsa na kan labule, don ya san yaro ɗaya ne a ajinsa zai iya baitoci masu kyau haka. Gervase ya gane cewa ko da ubansa ya sauya ra'ayi, ƙofar makarantar nan ta rufe masa. Bai ji komai ba sai sanyi a ransa.

Labule ya motsa, Lambert ya shigo. Gervase ya miƙe, ya dunƙule hannu. Ya tanadi amsar kowace magana, ya tanadi sunan Avis a bakinsa, yana jira a zage shi ko a ba shi haƙuri.

Lambert ya cire kambin, ya ajiye a kan littafin da ke rufe. Ya jingina takobin a bango, ya gyara shi don kada ya faɗi. Sannan ya bi ta ƙaramar ƙofar baya, ya sauka matakala.