Yatsun Kawu

Kawu, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa yarda da na'urar gwaji ba. Shekara talatin yana duba man haidurolik na injinan ɗaga kaya a wurin aikinmu da yatsa biyu kacal. Sai ya ɗiga man a babban yatsa, ya murza, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. In ya ji yashi-yashi, to ƙarfe ya fara cin ƙarfe a ciki ke nan, dole a kashe inji. Ni nake tuƙa babban injin, kuma shi ya samo min aikin.

Ran nan da safe ya murza ya ce, "Sumul. Tayar da inji."

Sai dai na san abin da manaja bai sani ba: ciwon suga ya kashe wa Kawu yatsu. Makon jiya a gida ya riƙe murfin tukunya mai zafi yana ta zuba surutu, sai da matarsa ta yi ihu ya saki. Ga shi kuma man da ya goge a tsumma yana ta ƙyalli a rana, burbushin ƙarfe ne fal.

"Kawu, a ɗan sake dubawa mana," na ce ƙasa-ƙasa.

"Yau kuma ni za ka koya wa mai? Kana cikin tsumma na fara aikin nan."

Manaja ya matso. "Da matsala ne?"

In na ce e, an sallami Kawu daga aiki ke nan har abada. Tsoro na ji, kunya na ji, kunyar ta yi rinjaye. Na ce babu.

Ƙaton bututun kankare muka ɗaga. Ya kai tsayin bene hawa biyu sai injin ya soma wani siririn kuka. Warin ƙonannen mai ya cika min hanci, sandar tuƙi tana rawa a hannuna. Igiyar ƙarfen ta zame kamu ɗaya, ta tsaya. Leburori suka watse, kowa yana kallon Kawu.

Ya gan su sarai. Ya jefar da tsumman, ya tako a hankali har ƙarƙashin bututun, ya ɗago kai.

"Ci gaba! Na ce man nan sumul yake!"

Saukewa ba hali, Kawu yana ƙasa. Ɗagawa kuma injin ya ƙi. Na ƙanƙame sandar da hannu biyu ina kwala masa kira, "Kawu, don Allah fita!" Kukan injin ya danne muryata, igiyar ta sake zamewa.