Taken Kabo

Shekara ashirin da tara Kabo ya yi rabonsa da gida. Yana saurayi aka kama shi soja a gonar ubansa a Jiratawa, kusa da Maraɗi, da aka sallame shi kuma sai ya zauna gadi a Dakar har furfura ta cim masa. Abu ɗaya ya tafi da shi, shi ne kuma ya dawo da shi: takensa na noma, wanda makaɗi Ɗan'auta ya yi masa a wata gayya, 'yan mata suna amshi. A bariki ya rera shi, a cikin jirgin ruwa ya rera shi, a ƙofar gidan Nasara ma bai bari ba. Kabo ba mai yawan magana ba ne, amma da wuya ka iske shi ba ya wannan ɗan guna-guni ta hanci.

Ya tarar Maraɗi ta tashi daga inda ya bar ta. Gulbi ya cinye tsohon gari, an mai da mutane kan tudu, an ja musu tituna miƙaƙƙu. Ko a jikinsa. Shi dai burinsa ya ji takensa a ganga, ko sau ɗaya, daga hannun wani ba daga bakinsa ba.

Aka ce masa Ɗan'auta ya daɗe da rasuwa, amma ɗansa Jibo yana kiɗa a Tsibiri. Kabo ya ɗauki sanda ya taka har can. Jibo ya ba shi ruwa, ya jawo ganga, ya kasa kunne. Kabo ya gyara murya ya rera.

"Baba, sake dai," in ji Jibo.

Ya sake.

"Farkon kam hannun tsohona ne. Amma daga tsakiya ban san inda ka nuhwa ba."

Ran Kabo ya ɓaci. Shi da takensa za a ce ya ɓace hanya? Jibo ya ba shi haƙuri, ya ce akwai wata Tani, tana cikin masu amshi a wancan zamani, aure ya kawo ta Tsibiri. Suka iske ta tana sheƙar gero. Ta daɗe tana duban Kabo kafin ta gane shi, ta yi salati, suka gaisa. Ya rera mata.

Tani ta ajiye ƙwarya, ta yi dariya har da riƙe ciki, don ita ba ta iya ɓoye abu ba.

"Haba Kabo! Wanga ai ƙahon bariki ne. Shi sojan kumandan ka busawa in za a ɗaga tuta, duk ranar da na tahi kasuwar Maraɗi sai na ji shi. Yaushe ka haɗe su?"

Bai sani ba. Babu ranar da zai nuna ya ce yau ce.

Sai ta ɗauko na asali. Muryar ta tsufa, amma ba ta yar da kalma ko ɗaya ba. Jibo ya bi ta da ganga, matan gida suka fito, wata ta rangaɗa guɗa. Ga sunansa a ciki, ga na ubansa, ga na gonar. Kabo ya tsaya yana jiran tsikar jikinsa ta tashi kamar dā. Ba ta tashi ba. Kiɗan ya yi daɗi, amma daɗin kiɗan wani. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da duk abin da ya iske tun saukarsa.

"Ka tuna yanzu?" Tani ta tambaye shi.

"Na tuna," ya ce. Ƙarya yake yi.

Jibo ya ɗaga sandar kiɗinsa. "In ƙara maka, Baba?"

Kabo ya girgiza kai, ya laluba sandarsa.

"Bar shi haka nan. In damana ta faɗi, ka ba wani mai ƙarhi taken, shi yi noma da shi."