Moɗar Balki

Sa'a tana dama kunu aka yi sallama a ƙofar gida. Ta gane muryar. Ƙanwarta ce Balki, wadda ta zama Kirista a garin Tchirozérine, babansu ya kore ta kafin ya rasu.

"Yaya, ina Inna?"

"Tana ɗaki. Ba an ce 'yan tawaye sun tare hanya ba?"

"Ayarin da sojoji suka rako na biyo."

Sa'a ta dube ta sama da ƙasa. Tun da kamfanin yuraniyom ya rage ma'aikata mijin Sa'a yake zaune, fari ya cinye awakinsu, ita kuma jinyar Inna ta ramar da ita. Shekara da shekaru tana jiran Allah ya nuna wa Balki iyakarta. Ga ta kuwa, jiki sumul, har da sabon zane.

Ta ɗauko wata tsohuwar moɗa da ta lotse ta miƙa mata. "Ga taki. Kada ki taɓa namu."

Balki ta karɓa, ta ɗebi ruwa, suka shiga ɗaki.

Inna ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. Sa'a ta kai mata kofin kunu, ta kau da kai. Sai Inna ta buɗe ido.

"Autata ce?"

"Ni ce, Inna."

Tsohuwar ta miƙa hannu wajen moɗar.

"Inna, tata ce fa!" in ji Sa'a.

"Nono ɗaya kuka sha. Ban wanke shi tsakaninku ba."

"Ni nake ɗaga ki, ni nake kwantar da ke! Wannan kuwa wuta za ta!"

"Ke aka ba makullin?" in ji Inna.

Balki ta ce a hankali, "Yaya, da sanina na zaɓa. Ki bar wa Allah hukuncin."

Inna ta shanye ruwan tas, ta riƙe moɗar gam. Sa'a ta sake kai mata kofin, ta sake kau da kai.

Sa'a ta tsaya, kunun yana hucewa a hannunta. Can ta sunkuya ta juye shi cikin moɗar, ta fita tsakar gida.

Daga nan ta ji Inna tana kurɓa, sannan ta ji ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Ba ta ambaci suna ba. Sa'a ta kai hannu ga labule, sai ta fasa. Ta koma bakin murhu ta hau wanke kofin.