Bijimin da Ke Shafi na Tara

"Wannan nake so," in ji Mang Odang, ya ɗora yatsa a kan hoton wani baƙin bijimi mai kaurin wuya a littafin zaɓen bijimai. "Dubi ƙirji. Ko gwamna albarka."

Tatang, ma'aikacin ƙungiyar masu madara ta Pangalengan, ya sauke tulun ƙarfen da ake adana maniyyin bijimai a ciki, wanda ake ɗura wa shanu, daga bayan babur. Tun asuba Manis, saniyar su Odang, take ta kuka tana neman barbara, in aka wuce yamma kuma sai bayan mako uku. Shanu huɗu kacal gare su, abin da Manis ta haifa shi za su tatsa shekara da shekaru.

"Mang, ba hoto ake dubawa ba, maki ake dubawa," in ji Tatang. "Ga na yawan madarar 'ya'yansa, ga na lafiyar hantsa, ga na hali."

"Ai na duba. Dubu uku da ɗari huɗu da sha biyu. Akwai wanda ya kai shi?"

Tatang ya leƙa littafin, ya yi ɗan tari. "Mang, wannan lambar kunnensa ce."

Bi Enok, matar Odang, ta dire bokiti ta fashe da dariya har tana dafa bango. Kwana uku mijinta yana yawo da lambar nan a baki, har a shagon kofi ya karanta wa mutane ita.

"Ko lambar kunnen ai ba a ba ƙaramin sa babba," in ji Odang, ya gyara hula.

"Tatang, karanta min na hali," in ji Enok. "Ni ke tsugunawa ƙarƙashinsu safe da yamma."

Mai ƙirjin gwamna yana can ƙasan jerin, 'ya'yansa masu harbi ne. Wanda ya fi kowa makin hali yana shafi na tara: gajere, kunne ɗaya a langaɓe, ido kamar an tashe shi daga barci.

"Allah ya kiyaye!" in ji Odang. "Wannan ai yayanki Karna ne aka sa wa ƙaho."

"Kang Karna bai taɓa harbin kowa ba, Akang," in ji Enok, don haka take kiran mijinta.

Suka yi ta yi har rana ta take. Tatang ya sha kofi biyu, ya cinye soyayyar ayabar da ke faranti, yana ta duba agogo, don gida biyar ke jiransa.

Odang ya ce bari ya nuna musu cewa hali ba gado ba ne, iya riƙo ne. Ya nufi Ratu, 'yar wani kyakkyawan bijimi da ya zaɓa da kansa shekara uku baya, ya shafa mata cinya yana fito. Ratu ko waiwayowa ba ta yi ba. Sai ganinsa suka yi zaune cikin kwatar kashin shanu, takalmin roba ɗaya ya yi nasa wuri.

Ya daɗe a zaune yana kallon rufin kwano.

"Sa wa Manis na shafi na tara," ya ce a hankali.

Cikin minti biyar Tatang ya gama, ya wanke hannu, ya ɗaure tulunsa.

"Saura addu'a," in ji shi. "Allah ya sa mace ce. In namiji ya zo, makin nan duk ba ruwansa da su, sai dai ku kiwata shi ku sayar lokacin layya."

Odang ya tsaya da matse wandonsa. Fuskarsa ta washe.

"Layya? To ai masu sayen na layya ƙirji suke dubawa! Enok, kin ji ko?"

Tatang ya yi maza ya tada babur.