Babban Yatsan Eloy

Tun ranar da aka binne maƙwabciyarmu Serafina da hoton lasin tuƙi a katin jana'izarta, ido ɗaya a kanne kamar an watsa mata barkono, yayata Tomasita ta rantse ita ba za a yi mata wannan wulaƙancin ba. Lafiyarta ƙalau, ko mura ba ta cika yi ba. Amma duk kaka, da zarar ganyen bishiyar aspen ya juye ruwan zinariya, sai ta saka shuɗiyar rigarta, ta tasa mijinta Eloy a gaba, su hau tudun Cumbres ya ɗauke ta hoton da za a sa a katinta.

Matsalar ɗaya ce, babban yatsan Eloy. Shekara da shekaru, duk hoton da aka wanko, ga Tomasita, ga ganye, ga kuma wani jan dunƙule a kusurwar hagu kamar dankali.

Bara sai ta kira ni. "Fidelia, bana ke za ki ɗauka. Ba zan je gaban Ubangiji da yatsan mutumin nan ba."

Muka shiga tsohuwar motarsa mu uku a gaba, ni a tsakiya da kyamara a cinya. Eloy na tuƙi, ya cika ya yi fam.

"Mijin yaya, an kore ka daga aiki ke nan?" na ce.

"Ke dai ci burodinki. Hannunki rawa yake yi kamar ganyen da za ki ɗauka."

Duk wanda ya tashi a kwarinmu ya san zinariyar nan ba ta zama wuri ɗaya. Ƙasan dutse kore ne, samansa ya riga ya kaɗe, abin nema yana tsakani. Eloy ya taka birki, Tomasita ta ce nan bai nuna ba. Ya ƙara gaba, ta ce, "Ka wuce, tsoho! Dubi, bishiyoyin duk sun yi tsirara!" Ya koma da baya, motocin mutanen Texas na danna mana oda. Haka muka yi ta hawa da sauka. Ni dai na yi nadamar zuwa.

A ƙarshe muka dace da wani lungu. Gaskiya wurin ya yi kyau, har fushina ya sauka. Tomasita ta gyara gashi, ta yi murmushin da ta daɗe tana gwadawa a madubi, na ɗauka. Na ce an gama.

"An gama me? Ai a kwance mutane za su gan ni. Sai na ga ko launin ya karɓe ni a kwance."

Ta miƙe ɗoɗar a kan ganye, ta naɗe hannuwa a ƙirji da carbinta, ta rufe ido. Daidai nan wata doguwar motar 'yan yawon buɗe ido ta tsaya. Suka sauko da hayaniya, suna ganinta suka yi tsit. Maza suka cire hula. Wata mata ta ɗauko waƙar coci, saura suka amsa. Wani dattijo ya dafa kafaɗar Eloy ya yi masa ta'aziyya.

"Na gode," in ji Eloy. "Bana ma da sauƙi. Bara sai da muka kai yamma."

Dattijon na cikin kallonsa ne gawa ta buɗe baki. "Bawan Allah, matsa can, ka tare mini haske."

Mai waƙa ta yar da jakarta. Kafin ka ce kwabo mota ta cika ta tashi.

Ina dariya har da hawaye, sai idona ya faɗa kan Eloy. Yana tsaye gefe, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, ya sa a aljihu, ya fitar, ya sake sawa. Tausayinsa ya kama ni.

"Zo ka tsaya kusa da matarka in ɗauke ku tare."

"Ni na ce miki tafiya zan yi? Wanda ya shirya shi ake ɗauka."

Hoton ya fito tsaf, babu ko inuwar yatsa. Tomasita ta duba ta ce ya yi, ta jefa a aljihun tebur.

A watan Janairu Eloy ya fita kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, ya zauna a kan dakali ya huta, bai sake tashi ba.

Muka zazzage akwatunan hotuna a tsakar ɗaki, muna neman wanda za a sa a katinsa. Ga bikin aure, ga baftisma, ga yankan alade, ga kowa da kowa na garin nan, amma babu Eloy ko ɗaya, domin kullum shi ne a bayan kyamara. Sai hoton lasinsa, wanda ya fito kamar an kama shi da akuyar sata.

Tomasita ba ta yi kuka ba. Ta zaɓi ɗaya daga cikin hotunan dutse, muka kai wa mai buga kati. Mutumin ya ce kada ta damu, zai yanke yatsan.

"Ni za ka yanke," ta ce. "Shi ka bar shi."

Haka aka raba katin a coci: ganye ruwan zinariya, da jan dunƙule a kusurwar hagu, da sunansa a ƙasa. Na zaci za a yi dariya. Babu wanda ya yi, domin babu gidan da yatsan nan ba ya rataye a bangonsa. Wata tsohuwa ta shafa katin ta ce, "Allah sarki, shi ne sak."

Da muka koma gida, yayata ta buɗe aljihun tebur, ta miƙo mini hoton da na ɗauka.

"Riƙe abinki, Fidelia. Ranar tawa ki sa mai yatsan. Ba zan tafi ni kaɗai ba."